Uban da ya fi daraja a mace: muhawara kan wasannin kwaikwayon Amurka

Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan zangon karatun an ba mu wasannin kwaikwayon Amurka guda huɗu, jiya na gama na ƙarshe, kuma wallahi zuciyata ta yi nauyi. Wani abu na lura da shi da nake so manyanmu su duba min. A wasan Arthur Miller na 1949, Death of a Salesman, tsohon ya kashe kansa ne don iyalinsa su karɓi dala 20,000 na inshora. A wasan Lorraine Hansberry na 1959, A Raisin in the Sun, tun daga fitowar farko gidan kowa jiran cakin dala 10,000 yake, inshorar maigidan da ya rasu. A Fences na August Wilson kuma, gidan da Troy, jarumin wasan, yake tinƙaho da shi an saye shi ne da dala 3,000 da gwamnati ta biya ƙanensa Gabriel saboda raunin da ya samu a ka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wato duk inda kuɗi ya shigo gidan talaka, sai an yi mutuwa ko an naƙasa wani. To marubutan nan sun yanke ƙauna daga ƙasarsu ne, ko ni ce ban gane karatun ba?

Malam Isyaku:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin gane karatun sarai, har kin hango abin da na daɗe ina koyarwa ban haɗa shi wuri guda haka ba. Bari in tsaya kan Miller tukuna, don shi na fi sani.

Willy Loman ya haura shekara 60. Fiye da shekara 30 yana ɗaukar akwatunan samfurin kaya a mota, yana bin garuruwa yana yi wa kamfani ɗaya talla. Da ƙarfinsa ya ragu sai aka yanke masa albashi, aka bar shi da kamasho kawai, kamar sabon shiga. Duk mako sai ya je wurin maƙwabcinsa Charley ya ranto dala 50, ya kawo wa matarsa Linda a matsayin abin da ya samo. Ita kuma ta sani, ta yi shiru don kada ta kunyata shi. Fitowar da ta fi ci min rai ita ce ta ofis. Ya je roƙon ɗan maigidansa na da, Howard, a ba shi aikin zama a New York don ya daina tuƙi. Ya fara da neman dala 65 a mako, ya sauko 50, ya sauko 40. Shi kuwa yaron hankalinsa na kan sabuwar na'urar naɗar murya da ya saya, yana kunna masa muryar 'ya'yansa. A nan take ya sallame shi.

Ki lura, har wasan ya ƙare ba a faɗa mana abin da Willy yake sayarwa ba. Da gangan ne. Abin da ke cikin akwatin ba shi ne hajar ba, shi kansa ne hajar: murmushinsa, gaisuwarsa, sanin mutanensa. Ranar da kasuwa ta daina sayen wannan, sai ya lissafa ya ga gawarsa ta fi shi tsada. Kuma Miller ba daga sama ya tsinto labarin ba. Mahaifinsa yana da masana'antar ɗinka tufafin mata a New York, karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye dukiyar, suka tattara suka koma Brooklyn. Yana yaro ya ga yadda maigida ke komawa ba kowa ba a cikin gidansa.

Nura:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ni ina da ja. Tausayin da ake nema mana mu ji wa Willy ya yi yawa. Mutumin nan maƙaryaci ne. Yana ƙara wa cinikinsa gishiri a gaban matarsa, ya koya wa 'ya'yansa cewa farin jini ya fi karatu, ɗansa Biff ya ɗauko ƙwallo daga makaranta ba da izini ba, uban bai tsawata masa yadda ya kamata ba. Ga cin amanar aure, har ɗan ya kama shi da wata a otal a Boston, abin da ya karya yaron ke nan. Kuma Charley ya yi masa tayin aiki ba sau ɗaya ba, girman kai ya hana shi karɓa. Ina laifin Amurka a nan? Ɗan Charley, Bernard, a unguwa ɗaya ya tashi da Biff, ya yi karatu ya zama lauya har yana zuwa gaban Kotun Ƙoli. Sannan kashe kai. Mu dai mun san hukuncinsa, kuma ba na son a riƙa nuna wa yaranmu shi kamar sadaukarwa ce.

Hafsat:
Yaya Nura, ni ban ga an nuna shi kamar sadaukarwa ba. Ya yi zaton jana'izarsa za ta cika da 'yan kasuwa daga jihohi, amma ba wanda ya zo sai iyalinsa da Charley da ɗansa. Kuɗin inshorar ma wasan bai tabbatar mana an biya ba, tun kafin ya mutu an nuna kamfanin zai iya ƙin biya. Kuma a bakin kabarin Linda take faɗa masa cewa ranar ta biya kason ƙarshe na bashin gidan da suka shekara 25 suna biya, ga gida ya zama nasu, ba mai zama a ciki. Wa zai kalli wannan ya yi sha'awar abin da Willy ya yi?

Malam Isyaku:
Malam Nura, duk laifukan da ka lissafa gaskiya ne, kuma Miller ne da kansa ya zuba su a wasan, bai ɓoye ko ɗaya ba. Tambayar ita ce: wa ya koya wa Willy ƙaryar? Shi fa bai ƙirƙiro ta ba, ya gaje ta ne. An gaya masa tun yana saurayi cewa a ƙasar nan duk wanda bai yi arziki ba, laifinsa ne. To mutumin da ya gaskata haka, idan bai yi arziki ba, hanya biyu ta rage masa: ya yarda shi banza ne, ko ya yi ta ƙarya. Willy gwanin aikin hannu ne, shi ya yi simintin gidansa da silin da baranda, a nan yake samun natsuwa. Amma yana ganin aikin kafinta ƙasƙanci ne. Daren ƙarshe, ga shi da tocila a bayan gida yana shuka iri a filin da dogayen benaye suka tare wa rana. Wannan hoton ya fi duk wata huɗuba.

Kuma in da matsalar halin mutum ɗaya ce, da wasan bai yi tafiyar da ya yi ba. Sau 742 aka nuna shi a zuwansa na farko a New York. A 1983 Miller ya je Beijin ya shirya shi da 'yan wasan Sin, a ƙasar da a lokacin ba a san sana'ar yawon tallan kamfani irin ta Willy ba, kuma 'yan kallo suka gane uban da ya ɗora wa 'ya'yansa burin da ya fi ƙarfinsu.

Maman Sadik:
Sannunku. Ni 'yar zangon Kumasi ce, na daɗe a unguwar Bronx ta New York ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ina karanta ku tun ɗazu, sai na ga duk maganar maza ake yi. Ku dubi matan mana. Linda tana zaune tana ɗinke tsohuwar safarta alhali mijin ya ba wa farkarsa sababbi. Ta gano robar da ya ɓoye a ɗakin ƙasa don shaƙar gas, ta kasa cirewa gaba ɗaya don kada ya san ta sani. Rose ta Fences ta yi shekara 18 da Troy, ya zo ya ce mata ya yi wa wata ciki, matar ta mutu wurin haihuwa, ya kawo mata jaririyar, ta karɓa ta raina. Su ba a ba su damar yanke ƙauna ba ma, don in sun zauna kuka wa zai ɗora tukunya?

Abu na biyu, Malam Nura, Bernard ɗin da ka kawo misali da shi gaskiya ne akwai irinsa. Amma tsofaffin da nake wa wanka, da yawansu sun yi aiki tuƙuru tsawon rayuwarsu, ba su sha ba, ba su yi caca ba, yanzu magani da haya suna cinye ɗan fanshon. Wata sai a yi wata guda ba wanda ya buga mata waya. Mutanenmu a gida suna ganin hotuna suna cewa mun tsallake. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Nura:
Hajiya, na ji, kuma Allah ya saka miki da alheri kan aikin da kike yi. Amma maganarki ma ta ƙarfafa tawa. Abin da ya ɓace a gidajen nan shi ne tawakkali da dangi. Ka karanta wasan Willy daga farko har ƙarshe, ba ka ga inda ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ba. Ba kawu, ba goggo, ba mai unguwa da zai shiga tsakani. Mutum shi kaɗai da bashinsa. Dole ƙauna ta yanke.

Hafsat:
A gidan Willy haka ne, amma ba a gidan Younger na A Raisin in the Sun ba. Lena, uwar gidan a wasan Hansberry, mace ce mai riƙo da addini ƙwarai. Da 'yarta Beneatha ta yi maganar musun samuwar Allah, marinta ta yi, ta sa ta maimaita cewa a gidan nan akwai Allah. Kuma danginsu a haɗe suke, mutum biyar a ɗan matsattsen gida a kudancin Shikago, jikan yana kwana kan kujerar falo, bayin wanka ma tarayya suke da maƙwabta. Duk da imanin da haɗin kan, ba su iya fita daga wannan gidan ba sai da uban ya mutu.

Malam Isyaku:
Tunda an shigo wasan Hansberry bari in ɗan daɗe a kansa, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Lissafin kuɗin shi ne wasan. Lena ta ba da kafin alƙalami na dala 3,500 a kan gida a unguwar da duk farare ne, don a nan ta samu mai araha, gidajen da ake gina wa baƙaƙe sun fi tsada kuma sun fi nisa. Sauran 6,500 ta danƙa wa ɗanta Walter, direban wani attajiri, ta ce ya ajiye 3,000 don karatun likitancin ƙanwarsa. Shi kuwa ya kwashe duka ya ba abokin da za su buɗe shagon giya tare, abokin ya gudu da su. Sai ga wakilin unguwar fararen, Lindner, cikin ladabi da taushin murya, yana tayin su karɓi kuɗi fiye da abin da suka biya, su fasa tarewa.

A daidai lokacin da Beneatha ta fitar da rai, wa ya zo mata? Joseph Asagai, ɗalibi Bayarabe daga Nijeriya. Shi ya tambaye ta ko ita ta nemo kuɗin da take kuka a kai, ya nuna mata akwai abin da ya lalace a gidan da duk burin mutanensa ya rataya kan mutuwar mutum guda. Hafsat, kin ga tambayarki ta farko tana cikin wasan, kuma a bakin ɗan ƙasarmu aka sa ta, shekara guda kafin mu samu 'yancin kai. Beneatha ma ta ƙalubalance shi: in kun kori Turawa, ɓarayin cikinku fa da za su hau mulki? Bai musa ba. Ya ce za a yi hakan, mai yiwuwa shi ma a kashe shi, amma tafiyar ba za ta tsaya ba. Hansberry ba baƙuwar Afirka ba ce, baffanta William Leo Hansberry malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa.

Bello:
To ai wannan wasan da daɗi ya ƙare. Walter ya ƙi karɓar kuɗin Lindner a gaban ɗansa, sun tattara kaya sun tare a sabon gida, uwar ta koma ta ɗauki 'yar tukunyar shukarta. Ina yanke ƙauna a nan?

Maman Sadik:
Ƙanena, sun tare a ina? Cikin mutanen da suka haɗa kuɗi don kada su gan su. Ba ajiya, Ruth matar Walter da ciki, ga bashin gida duk wata. Marubuciyar ta san abin da ke jiransu don ta gani da idonta. Mahaifinta ya sayi gida a unguwar farare a Shikago tana 'yar shekara takwas ko ƙasa da haka, aka taru a ƙofarsu, aka jefo dutse ta taga ya kusa samunta. Ita da kanta ta rubuta cewa mahaifiyarta takan kwana tana zagaya gidan da bindiga a hannu. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, suka yi nasara a 1940, amma hukuncin bai soke yarjejeniyoyin hana baƙaƙe sayen gida ba, sai a wata shari'ar ta 1948 aka hana kotuna tilasta su. Uban bai ga wannan ba, ya rasu a Meziko a 1946 yana shirin mayar da iyalinsa can. Ita ma ta rasu a 1965 tana da shekara 34. Ni dai in na kalli fitowar ƙarshen nan, alfahari nake ji da tsoro a lokaci guda.

Ɗan Kakuri:
Ni ba ɗalibin adabi ba ne, lebura ne ya haife ni, amma ku bar ni in sa baki. Na huɗun da Hafsat ba ta ambata ba, ina jin Sweat ne na Lynn Nottage, don ƙanwata ma an ba su shi, a wurinta na karanta. Ban iya gama shi a zama ɗaya ba.

Garin Reading ne a jihar Pennsylvania. A 2011 alƙaluman ƙidaya suka nuna ya fi kowane gari mai girmansa talauci a Amurka, sama da kashi 40 cikin 100 na mutanensa. Marubuciyar ta yi fiye da shekara biyu tana zuwa tana hira da mutanen garin. A wasan, ƙawaye ne da suka shekara fiye da 20 a masana'anta ɗaya, kullum bayan aiki suna haɗuwa a mashaya ɗaya. Aka ƙara wa Cynthia, baƙar fata, girma. Tracey, farar fata, ta fara cewa don launinta aka ba ta. Sai kamfani ya kwashe injuna, ya nemi a rage albashi, ya kulle ma'aikata a waje, kuma Cynthia aka sa ta tsaya a gaban ƙawayenta da wannan saƙon. Oscar, yaron da ke share mashayar, ɗan asalin Kolombiya amma haifaffen Amurka, ya karɓi aikin wucin gadi a masana'antar don ya fi abin da yake samu. A kansa fushin ya sauka. 'Ya'yan matan biyu suka far masa, mai kula da mashayar, Stan, ya shiga rabo, aka buge shi a ka ya naƙasa, yaran suka tafi kurkuku. Masu kamfanin kuwa ko sau ɗaya ba su fito a dandamali ba.

Mahaifina ya yi shekara 22 a wata masaƙa a Kaduna. Da aka rufe ta, ya yi ta zarya kan haƙƙinsa har ya kwanta ciwo. Abin da na fi tunawa ba yunwar ba ce. Abokansa ne da suke cin abinci a kwano ɗaya, Musulmi da Kirista, 'yan arewa da 'yan kudu, suka koma zargin juna: wane ya haɗa baki da manya, su wane aka fara biya. Malam Nura, mahaifina bai taɓa barin jam'i ba, kuma dangi sun yi iya ƙoƙarinsu. Tawakkali ya riƙe shi bai taɓa tunanin abin da Willy ya yi ba, wannan na yarda da kai. Amma na ga yadda ya daina zama a ƙofar gida da yamma don kada a tambaye shi ya aiki.

Nura:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa haƙurin da ya yi ya zama kaffara. Ban yi nufin cewa mai imani ba ya jin zafin zalunci ba, kuma in maganata ta yi kama da haka, ka yafe ni. Har yanzu dai ina riƙe da cewa Willy da Troy suna da nasu kason. Troy an hana shi shiga babbar gasar besbol saboda launinsa, lokacin da Jackie Robinson ya buɗe ƙofar a 1947 shi shekaru sun riga sun ja. An zalunce shi. Amma da aka zo neman ɗansa Cory ya yi wa kwaleji wasan ƙwallo, shi ya je ya rufe ƙofar da hannunsa. Wannan ba farar fata ba ne ya yi.

Malam Isyaku:
A nan ba ni da ja da kai ko kaɗan, kuma ina ganin Wilson ma ba shi da ja. Mutumin da ya kai ƙara har aka ba shi tuƙin motar shara, aikin da a da farare kaɗai ake ba, shi ne ya kasa yarda cewa zamani ya canja wa ɗansa. Tabon 1930 da wani abu yake auna 1957 da shi. Wilson ya rubuta wasanni goma, kowanne a kan shekaru goma na ƙarni na 20, kuma a cikinsu za ka yi ta ganin yadda rauni ke bin jini daga uba zuwa ɗa. Troy kansa yana ɗan shekara 14 ya gudu daga hannun uba mai duka.

Game da ko sun yanke ƙauna, Hafsat, ni ina bambanta mutanen cikin wasa da wanda ya rubuta shi. Wanda na fi zargi da fitar da rai shi ne Eugene O'Neill. A The Iceman Cometh, mashaya ce cike da mutanen da kowa ke cewa gobe zai gyara rayuwarsa, aka zo aka tilasta musu fuskantar gaskiya, sai suka zama kamar gawa, ba su farfaɗo ba sai da suka koma ƙaryarsu. Amma Nottage da ta yi shekara biyu tana sauraron korarrun ma'aikata, ta gama ta kai wasan har garin Reading aka nuna musu, ban ga alamar wadda ta fitar da rai ba.

Ɗan Kakuri:
Amin, na gode Malam Nura, ba komai wallahi. Abu ɗaya zan ƙara. A fitowar ƙarshe, bayan shekara takwas, yaran sun fito daga kurkuku sun dawo mashayar. Oscar da suka yi wa duka shi ne manaja yanzu, kuma shi ke kula da Stan, ya bar shi yana goge tebura a hankali. Su huɗu suna tsaye, an rasa mai abin faɗa, aka kashe fitila. Ƙanwata ta ce malaminsu ya kira wannan fata. Ni abin da na gani shi ne wanda ya fi kowa talauci a farkon wasan shi aka bar wa jinyar.

Hafsat:
Na gode muku duka. Malam, gobe in Allah ya kai mu zan sake karanta hirar Asagai da Beneatha, don na wuce ta da sauri, hankalina na kan kuɗin da aka gudu da su. Yaya na Kakuri, in ba damuwa, haƙƙin Baba an biya daga baya?

Ɗan Kakuri:
An biya wani kaso, wata bakwai bayan rasuwarsa. Da shi muka gyara rufin ɗakin Inna, sauran aka biya wa ƙanwata kuɗin rajista.